Neman Kamar Agogon Malam A Kasuwar Wuse

Duk wanda ya saba shiga Kasuwar Wuse ta Abuja ya san masu gyaran agogo ba su da rumfuna irin na masu atamfa ko na masu gwal. Ɗan tebur ne da akwatin gilashi da benci, a raɓe jikin bangon wani. Yawancinsu kuwa dattawa ne, domin tun da wayar hannu ta zo kowa ya koma duba lokaci a jikinta, samari suka daina koyon sana'ar. To, a gaban ɗaya daga cikin dattawan nan ne wani magidanci ya yi ta zarya, tun daga farkon hunturu har azumin 2025 ya kama, a kan maganar agogo guda ɗaya wanda ma ba ya hannunsa.

Ga asalin maganar. Mahaifin mutumin nan ma'aikaci ne a aikin noman rani na Kadawa, a ƙasar Kano, wanda ke shan ruwa daga madatsar Tiga da aka gama a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako. Aikinsa shi ne buɗe ƙofofin ruwa da rufe su. A 1975, da aka biya ma'aikata ƙarin albashin nan na Udoji, ya haɗa da abin da ya tara ya tafi ya sauke farali. Kowa ya san tsarabar alhazan wancan zamani: rediyo da darduma da haƙorin Makka da agogo. Abokan tafiyarsa suka yi ta ɗibar Rado da Seiko 5 masu ruwan gwal a kantunan Jidda. Shi kuwa sai ya tsallake su duka, ya ɗauko wani ƙaton Seiko mai baƙar fuska, gidansa ya yi tumbi ta gefen ƙarfe 4, ga wani zobe mai lambobi ya kewaye gilashinsa. Aka yi masa dariya, aka ce ya sayo faifan tukunya. Ya ce shi dai mai kanti ya gaya masa ruwa ba ya shigarsa, shi kuwa a cikin ruwa yake wuni.

Agogon nan na masu nutso cikin teku ne. Turawa suka fara ƙera irinsa, a 1953 kamfanonin Blancpain da Rolex na ƙasar Suwizalan suka fito da nasu, sa'an nan Seiko na Japan ya biyo baya a 1965. Wanda Malam ya saya shi ne mai lamba 6105, irin wanda aka riƙa yi tun daga 1970 har wajen 1977, an kuma rubuta masa jure ruwa har zurfin mita 150. Irinsa ne wani Bajapane mai suna Naomi Uemura ya ɗaura ya ratsa ƙanƙara da keken karnuka daga Girinlan zuwa Alaska, tsakanin 1974 da 1976. Amfanin zoben kuwa shi ne, in mai nutso zai shiga ruwa, sai ya juya shi har 'yar kibiyar da ke jikinsa ta yi daidai da hannun minti. Daga nan da ya duba sai ya ga minti nawa ya yi a ƙasa, ya san iskar da ke goye a bayansa ta kusa ƙarewa ko da saura.

Malam bai taɓa nutso a teku ba, amma ya gane amfanin zoben fiye da mai kantin da ya sayar masa. In ya buɗe wa wani layin gonaki ruwa sai ya saita kibiya. In minti arba'in ya cika ya rufe, ya buɗe wa na gaba. Manomi ya zo da gardama, sai ya miƙa masa wuyan hannu kawai. Akwai kuma abin da 'yan gida kaɗai suka sani. In ruwa ya yi wa na can ƙarshen layi nawa, ko gonar ta marayu ce, Malam kan sa babban yatsa ya tura zoben dama kaɗan, ya bi hannun minti da shi, sai minti goma ya ɓace daga lissafi ba wanda ya ji ba wanda ya gani. Zoben agogon wancan zamani yana juyawa hagu da dama. A riƙe wannan, domin za a komo kansa.

Da Allah ya yi wa Malam rasuwa, agogon ya zauna a ɗakin uwargidansa. Injinsa ba a yi masa wani da hannu, motsin mai shi ne ke ba shi rai, in an ajiye shi kwana biyu sai ya tsaya. Sabo da haka duk tsawon takabarta, wata huɗu da kwana goma, kowace safiya bayan ta idar da salla sai ta ɗauko shi ta girgiza. Da ta fita takaba, da yardar sauran magada, ta ba ɗanta na fari, wanda ko sunansa ba ta faɗa don kunya.

Shi ne ya sayar da shi. A 2023 ne, 'yan watanni bayan an janye tallafin man fetur, haihuwa ta zo wa matarsa da gardama cikin dare, aka ce sai an yi aiki, sai an ajiye kuɗi. Wani mai sayen tsofaffin agogo ya ba shi abin da ya ba shi, ya karɓa hannu na rawa. Daga baya ne ya gani a intanet cewa irinsa na ainihi yana wuce dala dubu a ƙasashen waje. Wannan bai dame shi ba kamar tambayar da ke jiransa kowace Salla in ya je gida Kura: "Kai, ina agogon Malam?" Sau uku yana cewa yana wurin gyara.

To, da ƙarya ta yi tsawo sai ya nemi ya yi mata rufi. Ya ji labarin yanzu a kan sayi sassan agogo dabam dabam a harhaɗa. Akwai wani inji da ake kira NH35, na gidan Seiko ne, amma ana sayar wa kowa. Yana da duwatsu 24, yana tafiya kamar awa 41 in ya cika, ana kuma iya yi masa wani da hannu. Masana'antu a ƙasar Sin sun cika duniya da gidaje da zobba da fuskoki da aka yanka daidai jikinsa. Ya sa wani ƙanin abokinsa mai odar kaya ya kawo masa gida uku, da zobba, da fuska biyu. Dala ta riga ta haura tun tsakiyar 2023, watau albashin wata guda ya tafi kafin a ɗaura ko da hannu ɗaya. Ya kwashe su a leda ya kai wa dattijon.

"Baba, so nake a haɗa mini irin wannan," ya ce, ya miƙa masa wani tsohon hoto na ranar suna, inda Malam ya ɗaga jariri, agogon ya fito sarai.

Tsohon ya manna madubinsa na ido ɗaya, ya daɗe yana duban hoton. Ya ce a Sabon Garin Kano ya koyi aiki, ya biyo ma'aikata Abuja bayan da gwamnati ta taso daga Ikko a 1991, irin wannan kuwa bai fi biyar ba da suka taɓa ratsawa ta hannunsa.

Gida na farko bai yi minti biyu a hannunsa ba. Ya auna shi a tafin hannu, ya goga magagari a bayan kunnensa, sai ga tagulla ta leƙo. Shafe ne kawai. Ya ce gumin bazara ɗaya ya isa ya ɓare shi, ya bar wa mutum kore a fata. Ya tura shi gefe, alhali kuwa a hoton 'yan kasuwa shi ya fi duka ƙyalli.

Gardama a kan sauran biyun ta tsaya, dukansu kuwa na ƙarfen nan ne maras tsatsa da ake yi wa lamba 316L. Ɗaya an kwaikwayi SKX007 ne, agogon nutson da Seiko ya yi daga 1996 zuwa 2019. Faɗinsa kamar milimita 42, tsakanin kunnuwansa inda maɗauri ke shiga milimita 22. Shi tsohon ya fi so, dalilinsa kuwa na mai sana'a ne. Ya ce wannan gida ya yi yawa a duniya har ya zama kamar Fijo 504 a zamaninta, ko'ina ka je akwai kayan gyaranta. In robar da ke hana ruwa ta mutu za a samu, in zobe ya fita za a samu, in gilashi ya fashe za a samu. Yankansa ma ya fi tsabta, murfin bayansa ya ɗauru sumul ba tare da cijewa ba. Aibinsa ɗaya ne, bai yi kama da na Malam ba ko kaɗan. Kafaɗunsa a tsaye suke, ba shi da tumbin nan.

Na ukun shi ne aka yi don kwaikwayon 6105. Da ganinsa gaban magidancin ya faɗi, domin ga tumbin nan ya rungume maɓallin saiti a ƙarfe 4, ga faɗin nan na milimita 44. Ya ce, "Baba, ai shi ne." Tsohon bai ce kome ba, ya ɗauko ma'auninsa mai baki biyu. Tsakanin kunnuwan na asali milimita 19 ne, wannan 20. Na asali a kwance yake lafe da hannu, wannan ya fi shi tudu, gilashinsa na safaya ya yi ƙoƙo a sama. Maɓallin na asali ba a ɗaure shi kamar noti, tura shi ake a ɗan murɗa ya kulle, an ma zana masa 'yar kibiya, wannan kuwa na ɗauri ne. Kowane bambanci bai fi ƙwayar gero ba. Amma abin da mutum ya shekara talatin yana gani a hannun ubansa, da ƙwayar gero ake gane shi.

Gaskiya ita ce, ta wajen aiki sabon ya fi tsohon a kusan duk inda suka saɓa. Maɓallin ɗauri ya fi tsare ruwa, safaya ba ta ƙarcewa, maɗauri mai milimita 20 ko a bakin titi a kan same shi. Wanda ya zauna haɗa irin wannan agogo, a kowane sashe sai an tambaye shi abu ɗaya, kama kake so ko inganci? Ba safai a kan sami duka biyun ba. Magidancin ya zaɓi kama, ya ɗauki na ukun. Tsohon ya ce to, amma ya sani rubutun mita 200 da ke bayan murfin rubutu ne kawai. Ƙa'idar duniya ta agogon nutso, wadda ake kira ISO 6425, ta ce sai an gwada agogo a matsin ruwan da ya ɗara abin da aka rubuta masa da kashi 25 cikin ɗari, shi kuwa ba shi da na'urar. "Abin da zan iya lamunce maka, ɗana, alwala da ruwan Agusta. Kada ka je tafkin Jabi ka ce ni na aike ka."

Haɗawar ma ba ta zo da sauƙi ba. Injin da aka kawo an shirya shi ne don gida mai maɓalli a ƙarfe 3, da aka karkata shi zuwa ƙarfe 4 sai lambobin kwanan wata suka kwanta a karkace cikin tagarsu. Sai da aka sake odar faifan kwanan wata, aka yi jiran mako uku. Sandar maɓalli kuma doguwa take zuwa, mai gyara ke yanke ta. In ya rage da yawa ta tashi aiki, in ya bar ta da tsawo maɓalli ba zai ɗauru ba, ruwa ya sami ƙofa. Sau huɗu tsohon yana gogawa yana gwadawa.

A kan zobe aka fi daɗewa. Zobe kashi biyu ne, akwai ƙarfen da ke juyawa, akwai kuma faifan lambobi da ake mannawa a kansa. Ƙarfen farko haƙoransa manya ne, yana da daɗin kamawa, amma da tsohon ya danna shi da yatsa sai ya yi rawa, kibiyarsa kuma ta ƙi tsayawa daidai ƙarfe 12, kullum sai ta gota da rabin minti. Ya ce wanda ke rawa ƙurar hunturu zai sha har ya cije. Na biyun haƙoransa ƙanana ne kamar gefen sule, irin na hoton, ya zauna daram. Faifan lambobi kuwa akwai na tangaran akwai na alminiyum. Na tangaran ba ya koɗewa, ba ya ƙarcewa, sai dai in ya bugi ƙofar mota ya tsage gaba ɗaya, ga shi da ƙyalli irin na sabon kuɗi. Ƙari a kan haka a gangare aka yi shi, bai haɗu da bakin gilashin ba, ya bar rata wadda farce ke shiga. Na alminiyum a shimfiɗe yake, baƙinsa a dushe, shi ne irin na da.

Magidancin ya juya shi a hannu, ya ce ai na Malam ba baƙi ba ne haka, ya koma toka-toka, wajen lamba 40 ma ya kusa gogewa. Ya ce ya karanta waɗansu na tsoma shi a ruwan bilic na 'yan mintoci ya koɗe. Ya kuma fito da fuskar da ya ɓoye a aljihu, wadda aka buga mata sunan Seiko, ya ajiye kusa da ɗayar da ba ta da suna.

Tsohon ya cire madubin daga idonsa. "Ɗana, wa za a sayar wa?"

"Ba na sayarwa ba ne, Baba."

"To, wa za a nuna wa?"

A nan ne ya faɗi gaskiya, a tsakiyar kasuwa, ga mutumin da ba danginsa ba. Tsohon ya saurara har ƙarshe. Ya ce ranar Kadawa ce ta koɗar da na mahaifinsa cikin shekara talatin, shi ba zai sayar masa da ita a kofin bilic ba. Sunan kamfani kuma ba zai ɗora a kan abin da kamfanin bai ƙera ba, in yana so ya gangara layi na gaba, akwai yaran da za su yi masa kafin la'asar.

Wani zai ce tsohon ya cika tsanani, tun da kasuwar cike take da Rolex na kuɗin kaza. Amma ba ɗaya ba ne. Kwaikwayon siffa tsohon abu ne, tela na yi, maƙeri na yi, mai ɗinkin hula na yi, Seiko da kansa ma ya sake fito da siffar 6105 a 2019 da 2020 ga mai kuɗin saye. Jabun da ake tallarsa a cunkoson motocin Nyanya, ko da yake doka ta hana, mai saye da mai sayarwa duk sun san abin da suke ciki. Wannan kuwa an shirya shi ne don mutum ɗaya tak, tsohuwar da yanar ido ta rufe wa gani, wadda ba za ta taɓa zargin ɗanta ba. Hausawa sun ce kama da wane ba ta wane. Ba wanda ya hana a yi kamar. Abin da tsohon ya ƙi shi ne a ce da ita wane.

Magidancin bai gangara layi na gaba ba. Ya tafi, ya yi kwana tara bai leƙo ba, sa'an nan ya komo ya ce a sa fuskar da ba ta da suna, a bar faifan da baƙinsa.

Ran da aka gama, tsohon ya ɗora agogon a kan murfin tukunyar mai shayi har ya yi ɗumi, ya ɗiga masa ruwan sanyi a gilashi, ya goge, ya duba. Ba hazo a ciki, watau ba laima. Sa'an nan ya juya zoben, yana ƙas-ƙas-ƙas, sau 120 kafin ya kewayo. Hagu kaɗai yake tafiya. Haka ake yin na zamani, don in ya bugi dutse a ƙarƙashin ruwa ya gota, sai dai ya nuna wa mai nutso ya daɗe fiye da yadda ya yi, ya fito da wuri. Ba ya taɓa yi masa ƙarin lokacin da ba shi da shi. Tsohon ya ce akwai 'yar waya a ƙarƙashi mai hana shi komawa, in an cire ta zai juya ta ko'ina kamar na hoton, aikin minti biyar ne, wannan kuwa ba algus ba ne, zaɓin mai abu ne.

Magidancin ya yi shiru. Ya tura zoben dama da babban yatsa, ya ƙi. Ya ce, "Bar ta, Baba."

Ran jajiberin ƙaramar Salla ya kama hanyar Kaduna da iyalinsa, suka wuce Zariya, suka isa Kura bayan magariba. Tun daga Zuba yake tsara yadda zai fara magana kafin ya miƙa, amma da ya durƙusa gabanta ya gaishe ta, ta ce, "Kai, an gama gyaran?" sai bakinsa ya yi nauyi. Ya kwance ya sa mata a hannu.

Ta auna nauyinsa. Ta kai kunne ta saurara. Ta shafa gefensa har yatsarta ta sami tumbin, ta tsaya a nan kaɗan. Sa'an nan ta kama zoben ta juya hagu, ya tafi da ƙararsa. Ta tura dama, ya ƙi. Ta sake turawa.

"Na Malam yana yi wa mutane ƙari," ta ce. "Wannan ba ya yi."

"Ba shi ba ne, Inna."

Ya faɗa mata duka, da daren asibiti, da mai sayen, da sau ukun da ya ce yana wurin gyara. Ba ta katse shi ba. Yarinyar da aka haifa a daren nan tana tsakar gida tana bin 'yan tsaki, ana jin muryarta. Da ya gama, tsohuwar ta daɗe tana juya agogon a hannu, sa'an nan ta tambaya ko shi ma wannan sai an girgiza shi. Ya ce ana iya yi masa wani da maɓalli, amma in an girgiza ma yana karɓa. Sai ta girgiza shi kamar yadda ta saba, ta tura shi ƙarƙashin matashin kai, ta ce ya zo ya karɓa ran da zai koma.